Yadda Za Ka Sa 'Yan Wasa Su Kama Zaren Labari a Wasan Kan Tebur

Mai jan wasa yakan yi kwanaki yana karanta littafin kasadar da zai ja. Ya san wanda ya ci amana, ya san dalilinsa, ya san abin da zai biyo baya. 'Yan wasansa kuwa abin da ya faɗa kunnensu tsakanin kurɓar shayi da duba waya, shi ke nan iyakar saninsu. Shi ya sa za ka ga wasa ya yi nisa, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Wai tsaya, me ma ya kawo mu garin nan?" Mai jan wasa ya ji haushi, don a ganinsa ya faɗa tun farko. Ya faɗa ɗin kuwa, amma sau ɗaya, cikin dogon jawabi, daidai lokacin da ake rabon kofuna.

Ga wanda bai taɓa zama ba: mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur ko tabarma, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari, yana magana da yawunsa, yana yanke masa shawara. Mai jan wasa shi ke riƙe da sauran duniyar, wato gari da mutanensa da abokan gaba. Idan aka zo kan abin da ba tabbas, sai a jefa dayis, wato ɗan ƙwallo mai fuskoki da lamba a kowace fuska. Wanda ya fi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma bugunsa na biyar na 2014 ne aka fi gani a hannun matasa.

Mu da ke Jidda da Makka muna da ƙarin nauyi. Littafin da Turanci yake, hirar teburin Hausa ce gauraye da Larabci, wani a nan aka haife shi Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙwari, wani bara ya sauka. Tun rusau ɗin 2022 da ya taɓa unguwannin Jidda irin su Karantina da Gulel da Sabil, abokan da a da ƙafa ke haɗa su sun watsu, sai an kama istiraha, wato gidan hutu na haya, daren Alhamis ake ganin juna, wannan ma ba kowane mako ba. Labarin da ake tsinkawa haka, da kansa yake zubewa daga kai. Ra'ayina a taƙaice: kada ka ɓoye wa 'yan wasa abin da ke faruwa. Ka ba su shi a yalwace, wahalar ta koma kan abin da za su yi da shi.

Mataki na 1: Matse labarin ya koma jimla uku

Kafin ka kira kowa, ɗauki takarda ka amsa tambaya uku. Wa ke neman me? Me ya sa sai yanzu? Me zai faru idan 'yan wasa suka naɗe hannu? Idan ka kasa amsawa a jimla uku, kai ma ba ka gama gane labarin ba, balle su.

Bari in kafa misalin da za mu bi har ƙarshe, labarin ƙirƙira ne amma a kan hanyar da kakannin da yawa daga cikinmu suka taka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a sun ci gaba da kwarara gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nil, wasu suka zarce har bakin teku. To mu ce 1908 ce, ayarin mahajjata ya iso Sawakin, tashar jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, bayan shekaru a hanya. An ba fatoma ajiyar kuɗin jirgin da zai ƙetara da su Jidda, aka wayi gari babu kuɗin. Ga jimlolin: Tanko, jagaban ayari, shi ya ɗauke kuɗin don ya fanso ƙanwarsa da wani attajiri ke riƙe da ita jingina a Tokar, wani gari kudu da Sawakin. Ya yi haka yanzu ne saboda jirgi zai tashi nan da kwana 3, in ya ƙetare ya bar ta ke nan. Idan ba wanda ya yi komai, za a kama fatoma da laifin da bai yi ba, ayarin kuma ya rasa Arfa ta bana.

Wani abu ga masu jan littattafan waje. Da yawansu an gina su ne a kan gumaka da tsafi, kuma teburori da dama a nan sukan cire waɗannan. Ba laifi, amma in ka cire gunkin da mugun da ke cikin labarin ke bauta wa, ka cire masa dalili, sai ya zama yana ɓarna ba gaira ba dalili, 'yan wasa kuma su kasa hasashen inda zai dosa. Ka cike gurbin da abin da kowa ya sani: gado, bashi, sarauta, ramuwar gayya.

Mataki na 2: Ɗaure kowane ɗan wasa a jikin labarin

Zaman farko ka ware rabin sa'a ba a jefa dayis ba. Faɗa musu ƙarara irin wasan da za a yi: bincike ne, faɗa kaɗan ne, lokaci a ƙure yake. Sannan ka tambayi kowa abin da mutuminsa zai rasa idan jirgin nan ya tashi babu shi. Wani ya ce shi almajirin limamin ayari ne, tsohon malaminsa ba zai kai baɗi ba. Wata ta ce kuɗin saƙar da ta tara a El Obeid na cikin jakar. Wani kuma ka ba shi da hannunka: "Kai Tanko ne ya ɗauke ka a kafaɗa da zazzaɓi ya kayar da kai a Wadai." Wannan ɗan wasan ba zai manta sunan Tanko ba, kuma ranar da gaskiya ta fito shi zai fi kowa jin ta a jikinsa.

Ku kuma yanke harshen da za a riƙa kiran sunaye da wurare da shi. In yau ka ce fatoma, gobe ka ce sahibul bait, jibi ka karanto sunansa na Turanci daga littafi, a kan wani ɗan wasa mutum uku ne daban.

Mataki na 3: Abin da dole su sani, kada ka rataya shi a wuyan dayis

Nan ne mafi yawan wasanni ke mutuwa, don haka zan daɗe a kai.

Raba bayanan labarinka gida biyu. Akwai wanda in ba a same shi ba wasa ya tsaya cik, akwai wanda ƙari ne kawai. A misalinmu, sanin cewa Tanko ya nufi Tokar dole ne. Sanin cewa attajirin yana da ɗan'uwa a cikin 'yan doka ƙari ne, mai amfani, amma ko babu shi za a kai ƙarshe.

Duba lissafin. A bugu na biyar, aiki matsakaici lambarsa 15, wato sai abin da ka jefa haɗe da ƙarin ƙwarewar mutuminka ya kai 15 ka yi nasara. Ɗan wasan da ke da ƙarin 3 yana buƙatar 12 zuwa sama a dayis mai fuska 20, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin 100. Ke nan in ka ajiye bayanin dole a bayan jifa ɗaya, ya fi kusa a rasa shi fiye da a samu. Idan hanyoyi uku ne daban-daban, kowace da jifarta, yiwuwar a faɗi duka ukun ya sauko kusan kashi 17. Ya ragu sosai, amma har yanzu kusan zama ɗaya cikin shida ke nan da za a tashi hannu rabbana. (Lissafin bai canza ba ga 'yan'uwan da ke ƙauracewa dayis saboda hadisin da ya hana wasan nardu, suna zarar kati daga guda 20 masu lamba, muddin ana mayar da katin a sake cakuɗawa.)

Justin Alexander, mai rubutu a kan irin wannan wasa, ya rubuta ƙa'idarsa ta alamu uku a 2008: duk matsayar da kake so 'yan wasa su cimma, tanadar mata alama aƙalla uku, don za su iya tsallake ta farko, su yi banza da ta biyu, su yi wa ta uku gurguwar fahimta. Robin Laws, mai tsara wasanni, ya wuce nan a tsarinsa na wasan bincike mai suna GUMSHOE, inda alamar dole ba a jefa mata komai: in mutuminka ya je wurin da ya dace, yana da ƙwarewar da ta dace, ya samu. Ni haɗa biyun nake ganin ya fi. Alama uku, kuma aƙalla ɗaya daga ciki kyauta ce.

Ga yadda za ta kasance a Sawakin. Ta farko a ɗakin ajiya take: ba a fasa kwaɗon akwatin ba, kuma mutum uku kaɗai suka san inda mabuɗi ke kwana, fatoma da madugu da jagaba. Duk wanda ya duba akwatin ya gani, babu jifa. Ta biyu a bakin mutum take: ɗan garuwa ya ga Tanko kafin asuba wajen masu raƙuma. Ta uku a kayansa take: wasiƙar ajami daga ƙanwar, an naɗe ta cikin tsumma da ɓurɓushin auduga a jiki, Tokar kuwa ƙasar auduga ce. Kula cewa ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya ta mai duba kaya ce, ɗaya ta mai son hira da mutane, ɗaya ta mai kutsawa inda ba a aike shi ba, don kowane tebur yana da waɗannan ukun.

Sai ka riƙe ta huɗu a aljihu, wadda ita ke zuwa da ƙafarta in an rasa sauran. Mai raƙumi ya shigo zango yana faɗa, wai an ba shi rabin kuɗin haya, ina cikon? Ya buɗe hannu, ga riyalin azurfa na Mariya Tareza, irin mai ɗauke da shekarar 1780, da ɗan tsagin da matar madugu ke yi wa kuɗin ayari a gefe.

To ina amfanin dayis? A bar shi ya yanke farashi. In jifa ta yi kyau, ɗan garuwa ya faɗi har hanyar da aka bi. In ta ɓaci, ya faɗi abin da ya gani ɗin dai, amma sai an biya shi, ko kuma ya je ya tsegunta wa yaran attajiri cewa ana bincike.

Kada kuma ka shuka alamun ƙarya don ka rikita su. Da kansu za su ƙirƙiro isassu.

Mataki na 4: Sa bayani a bakin mutane da tafin hannu

Dogon sakin layin da littafi ya ce a karanta wa 'yan wasa, kada ka karanta shi, balle ka tsaya fassarawa kalma bayan kalma. Ciro abu uku daga ciki ka faɗa da bakinka: abin da ido ya fara gani, abin da ke motsi, abin da za a iya taɓawa. Tarihin gari ya jira sai an tambaya.

Bayanin da aka ja daga bakin mutum ya fi zama a kai. Kwatanta "kun samu labarin cewa fatoma ba shi da hannu" da wannan. Ɗan wasa ya durƙusa da mutuminsa ya ce, "Baba Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, mabuɗin nan a ina yake kwana?" Kai kuma ka sunkuyar da kai, ka ja tasbaha, ka ce, "Yaro, shekara ashirin ina karɓar amanar baƙin Allah, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Ƙarƙashin buzuna yake. Madugunku ya sani. Wannan yaron naku mai tsage a kumatu, shi ma ya ga inda na sa." Ka yi shiru. Kada ka ƙara ko kalma. Wani a teburin zai ce, "Mai tsage? Ai Tanko ne!" Tunda daga bakinsa ta fito, ta zauna.

Wasiƙar kuwa rubuta ta da gaske. Takarda, a jiƙa ta da ruwan shayi ta bushe, layi huɗu na ajami, ko boko in babu mai karantawa. Miƙa musu ita su riƙe, ta kwana a jakar ɗayansu. Bayan wata guda za su manta jawabinka, amma takardar tana nan, za su buɗe su sake dubawa.

Mataki na 5: Rage sunaye

Mutum biyar masu muhimmanci sun isa kasada guda. In littafi ya ba ka goma sha biyu, haɗe masu aiki iri ɗaya. Kada biyu su fara da harafi ɗaya, kuma kowa ya samu laƙabi ko wata alama ta jiki: mai tasbaha, mai tsage, mai tari. Rubuta su da manyan baƙi a kwali ka jingina a tsakiyar tebur, kowane suna da kalma uku a gabansa.

Mataki na 6: Su za su maimaita, kai ka saurara

Farkon kowane zama ka ce, "Wa zai tuna mana inda muka kwana?" Kada kai ka yi. Mai jan wasa kamar ɗan unguwa ne da ke yi wa baƙon alhaji kwatance a lungunan unguwar Masfala a Makka, yana cewa "miƙe kawai, ba za ka ɓata ba," don shi bai ma san akwai kwana a hanyar ba. Sai ka ji labarin daga bakinsu za ka san inda suka kauce.

Kuskure iri biyu za ka ji, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan suka ce, "Jirgi zai tashi nan da mako guda," alhali an gaya musu kwana 3, wannan mantuwar ɗan wasa ce, mutumin da ke cikin labari ba zai manta ranar tashin jirginsa ba. Gyara nan take, ba jifa, ba gori. Idan kuwa suka ce, "Mu dai madugu muke zargi," wannan fahimtarsu ce, haƙƙinsu ne, ka ja bakinka. Abin da za ka yi shi ne ka lura wace alama ce ba ta iso gare su ba, ka turo ta a zaman yau.

Washegari wani ya tura saƙon murya na minti biyu a zauren WhatsApp: abin da muka gano, wanda muke zargi, inda za mu. A riƙa karɓa-karɓa, kuma ka saka wa mai yi da ɗan tukwici a cikin wasa, kamar damar sake jifa sau ɗaya. Dogon rubutu ba mai karantawa.

Sai batun dogon hutu. Goman ƙarshe na azumi ba wanda za ka gani, kuma masu hidimar alhazai a Makka da Madina daga Zulƙida sai Muharram. Tsara kasadarka ta ƙare kafin lokacin, ko ta tsaya a gaɓa mai tsabta da tambaya guda a rataye, irin "ga Tanko a gabanku, ga kuɗin, me za ku yi?" In an dawo, wannan karon kai za ka yi maimaicin, gajere, sannan ka buɗe da abin da ke motsi.

Mataki na 7: Idan suka cije

Alamunsa a fili suke: an koma waya, ana ta gardama a kan abu ɗaya, ko an fara tsokanar mutanen gari don neman abin yi. Dakatar da wasa ka yi tambaya kai tsaye: "Yaya, a ganinka me ke faruwa a garin nan?" Bi su ɗaya bayan ɗaya, har da mai shiru, don sau da yawa shi ya gano amma manya sun danne shi da murya.

Daga amsarsu za ka san ciwon. In ba su san abin da ake nema ba, faɗa musu a sarari: kuɗi, kafin jirgi. In sun sani amma ba su ga ƙofa ba, jero musu wuraren da ba su taka ba tukuna, wajen masu raƙuma, kayan jagaba, bakin tasha. Wannan ba satar amsa ba ce, mutanensu a garin suke tsaye, suna ganin waɗannan wurare da idonsu. In kuwa sun ga ƙofofin suna tsoron zaɓe ne, matsa lokaci. Ajiye dabino uku a faranti, kowace rana ta wuce a labari ka ɗauke ɗaya. Ranar da ya rage saura guda, 'yan doka su zo su tafi da fatoma a gaban idonsu.

Wani lokaci za su gina nasu bayanin, ya ma fi naka daɗi. A ce sun haƙiƙance madugu da Tanko baki ɗaya suke. In bai karya wata alamar da ka riga ka bayar ba, karɓe shi shiru, ka gyara takardarka a gida. Amma kada ka mayar da shi ɗabi'a. Teburin da ya gane cewa duk abin da ya zarga shi ke zama gaskiya zai daina bincike.

Mataki na 8: Bari gaskiya ta fito da wuri

Masu jan wasa da yawa suna ajiye tonon asiri sai minti goman ƙarshe, mutane na neman takalmansu. Asara ce. A labarinmu daɗin ba a gano Tanko yake ba. Yana wurin da aka same shi a hanyar Tokar, ya zube ƙasa ya ce wa wanda ya taɓa goyawa, "Ɗan'uwa, in kai ne za ka ƙetare ka bar ta?" Su mayar da kuɗin mutum arba'in su bar yarinya a jingina? Su fanso ta ayari ya rasa hajjin bana? Su nemi wata dabara da attajirin, ga fatoma a tsare? Wannan muhawarar tana buƙatar zama guda cur, kuma ba za ta yiwu ba sai kowa a teburin ya san wane ne wane da abin da ke kan sikeli. Ka sa asirin ya tonu tun labari na da saura kashi ɗaya cikin uku.

Minti biyar kafin a tashi kowane zama, tambaye su inda za su nufa a zama na gaba, su yanke a gabanka, ka rubuta. In sun ce Tokar, Tokar kaɗai za ka shirya: gidan attajiri, mai gadinsa, farashin da zai yanka, da abin da yarinyar za ta ce in aka tambaye ta ra'ayinta. Sauran shafukan littafin su jira makonsu.